Zabirar da Aka Ɓoye a Rumbu

Ƙanwata, kin ce yaronki ya dawo daga asibiti da sauƙi, amma kin rasa abin da za ki yarda ki bar masa a hannu. To bari in kawo miki misali.

A can garinmu, tun ana aski a gindin cediya ba a shago ba, akwai wani tsohon wanzami da matarsa da ɗansu na fari. Safiyar Juma'a a wurin nan abin kallo ce. Maza a jere kan tabarma, ruwa a 'yar tasa, ƙanshin sabulun salo, uba yana aske wannan, ɗa yana wasa aska a tafin hannu yana jiran na gaba. Har cewa ake hannun yaron ya fi na uban sanyi. Uwar takan ji ana yabonsa ta yi kamar ba ta ji ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Ana nan sai ciwo ya zo masa. Barci ya ƙaurace masa, ya riƙa amsa kiran da babu wanda ya ji, wata rana aka tsinto shi a bayan gari ba takalmi. Ranar da aka dawo da shi uwar ta ɗauke zabirarsa, jakar fatar nan da yake zuba asake da ƙaho, ta tura ta cikin rumbu ƙarƙashin damman gero. Wannan kam ta yi daidai. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, abu sai gaba yake yi, daga ƙarshe wani kawunsa ya kai shi asibitin masu taɓin hankali a birni. Ya daɗe a can. Ya dawo ya yi ƙiba, ya yi shiru, yana gane kowa, sai dai hannunsa yana ɗan rawa. Da aka koma aka gaya wa likita, ya sauya masa magani, rawar ta tafi. Likitan ya ja kunnensu kada a kuskura a bar maganin don an ga sauƙi, ya kuma ce a bar shi ya koma sana'arsa, zaman banza ba ya yi wa irin wannan ciwo daɗi.

Maganar farko uwar ta riƙe ta gam, ko ruwa ake da ƙanƙara sai ta ga ya haɗiye ƙwayar nan da idonta. Ta biyun ce ta gagare ta. Kullum ta je ɗiban gero sai hannunta ya taɓa fatar zabirar, ta ƙara tura ta ƙasa. Shi kuwa yaron bai taɓa tambaya ba. Ranar Juma'a yakan zauna a zaure yana hango cediya, yana goga babban yatsa a tafin hannunsa kamar mai wasa aska, mutane su gaishe shi daga nesa su wuce. A hankali ya fara rage cin abinci, ya rage fitowa, ita kuma tana gani, tana tsoron ya koma gidan jiya, tana tsoron askar. Tsohon bai yi mata faɗa ba. Abin da ya yi, daina aske kansa ya yi. Furfura ta taru ta leƙo ta gefen hula, abokan wasansa suna tsokanarsa wai yau ga wanzami da suma, har wani ya ce zai aske shi kyauta. Shi dai sai ya yi murmushi ya ce kan nan yana da mai shi.

Wata safiyar Juma'a ya tsaya a bakin rumbun ya ce ta fito masa da abin da ta ajiye. Ashe ya sani tuntuni. Ta ce, “Malam, in abin ya motsa fa, aska tana kan maƙogwaronka?” Ya ce, “In ni da na haife shi ban ba shi kaina ba, wa zai ba shi nasa?” Da hannunta ta ciro zabirar, ta kaɗe mata ƙaiƙayi, ta kai zaure ta ajiye a gaban ɗan nata ba tare da ta dube shi ba. Sannan ta koma ta laɓe a bayan zana tana leƙe, tana karanta duk addu'ar da ta iya. Tsohon ya zauna a gindin cediya a gaban jama'a, ya cire hula, ya sunkuyar da kai. Yaron ya daɗe yana wasa askar nan, kana ya jiƙa kan ubansa ya fara. Farin gashi yana zuba kan tabarma, ya gama kai, ya ɗaga haɓar tsohon ya bi ƙarƙashin gemu, tsohon kuwa idonsa a rufe kamar mai gyangyaɗi. Ko ƙwarzane babu. Tsohon yana tashi, wani maɗinki da ke kusa ya yi gyaran murya, ya cire tasa hular ya matso. Kafin damina ta dawo, yaron nan ake kira askin suna, a miƙa masa jinjirin kwana bakwai. Uwar ba ta daina kai masa magani ba har ta koma ga Allah, amma rumbu ya koma na gero kaɗai.

Mutanen gari ba mugunta ce ta hana su ba, ƙanwata, jira suke su ga yadda 'yan gida za su yi. Ai dama Hausawa sun ce daga na gaba ake gane zurfin ruwa.