Notunan Kan Inji

Ka ce kai kaɗai kake riƙe da gidanku, Sama'ila, ƙannenka ba su tsinana komai. To, saurara in ba ka misali.

Wani direba ne yake kai tankar ruwa wani ƙauye da rijiyoyinsa suka ƙafe a tsakiyar bazara. Duk ranar da motar ba ta je ba, sai mata su kife tukwane, tumaki su yini suna lasar gindin randa. Ran nan tana hawan tudu sai ta fara farin hayaƙi, lagireto yana tafasa, baƙin mai ya dame ya koma kamar kunun gyaɗa. Da ya ɗaga kan injin, sai ya tarar gaskit ya ƙone, wato ɗan faifan nan da ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Ya sayo sabo mai kyau, amma wajen ɗaure kan injin ya mayar da tsofaffin notuna waɗanda zafi ya riga ya gajiyar. Da yake ƙaƙƙarfa ne, sai ya kama na tsakiya ya murɗe shi iya ƙarfinsa, sauran kuwa ya ɗan shafa su da sifana, ya ce wannan guda ya isa. Bai kai rabin hanya ba gaskit ya sake ƙonewa ta gefe. Ƙauye ya kwana da ƙishi.

Aka janyo motar wurin wani tsohon bakanike. Shi kuwa ya kai kan injin aka goge shi ya daidaita, ya zaɓo gaskit daidai kaurin da injin yake so, da sababbin notuna, tsawo ɗaya, ƙarfi ɗaya. Ya fara ɗaurewa daga tsakiya yana yin waje, ya ja wannan kaɗan, ya tsallaka ya ja na gabansa kaɗan, ya zagayo ya sake. Ya ce, "Ɗana, wanda duk ka fifita, shi zai karkatar da kan." Direba ya ɗauki ƙonannen gaskit ya ɗaga shi a rana. Ya ga manyan kafofi inda wuta take tashi, ga ƙananan kafofin ruwa dab da su, tsakaninsu bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Ashe duk shekarun nan wuta da ruwa ne suke gudu kafaɗa da kafaɗa a gabansa, abin da ya raba su ɗan faifai ne, abin da ya danne faifan kuwa notuna ne da suke ja tare, babu wanda ya fi wani. Ya ce, "Subhanallahi!" Washegari ya haye tudun nan injin yana numfashi lafiya lau. Mata suka yi layi da tuluna, shi kuwa ya tsaya gefe, tafin hannunsa a kan murfin inji, yana saurare kamar bai taɓa jin ƙarar mota ba.

Gaskiyar masu iya magana: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.