Lefen Sadisu Ya Yi Fumfuna

Da aka buɗe lefen maƙwabcina Sadisu a Safana, mata har da toshe hanci: atamfofin duk sun yi fumfuna. Gogan naku ya jingina akwatunan da jiƙaƙƙen bangon ɗakin hayarsa, damina guda bai leƙa ba.

Na raka shi ban haƙuri don in sha kallo. Budurwar, Mutmainna, ta fito zaure ba ta dube shi ba.

"Baba ya ce ɗakin da ya ruɓar da zane, ni ma zai ruɓar da ni. An fasa."

"Ke fa?" in ji Sadisu.

Ta yi ta murza bakin hijabi. Dariyata ta maƙale.

Ya miƙe. "Zane dai a wanke a shanya, Mutmainna. Wannan shirun naki, ina zan shanya shi?"