Addu'a Biyu a Shingen Palladan

Da suka fizgo wani matashi daga kan acaɓa a shingen Palladan, hayaƙin taya ya riga ya toshe hanyar Sabon Gari. Ƙarti ne riƙe da adduna, fuskokinsu a naɗe da tsumma.

"Malam, yi addu'a mu ji na su wa ne kai!"

Shekararsa uku a kwalejin horar da fastoci a Samaru, saura wata biyu a naɗa shi. A darasin sanin addinin maƙwabta, babu wanda ya kai shi iya Fatiha. Ya dubi idanunsu, zuciyarsa ta ce masa Musulmi ne. Ya rera ta tsaf, babu gargada.

Saran farko ya same shi a kafaɗa. Da mai saran ya sunkuyo, sai ga gicciye yana lilo a wuyansa.

Yana kwance cikin jini ya shiga kwarara Addu'ar Ubangiji, wadda uwarsa ta koya masa tun yana goye.

Mai addar ya dakata, ya waiwayi sauran.

"Kun ji munafuki? Har tamu ya haddace."

Ya sake ɗaga addar.