Ramin Hawainiya

Motar kaya ta cika a Unguwar Rimi, direba sai danna hon yake. An yi wa maigidan canjin wurin aiki zuwa sabuwar jihar Bauchi, amma matarsa tana tsugunne gindin gwaiba. Hawainiyar da take kiwo, ciki fal ƙwai, ta haƙa rami ta bari, ta koma wani.

"Tashi mu tafi, rana tana yi!" in ji maigidan.

"Malam, in ba ta saka ƙwan nan ba, mutuwa za ta yi. Na jiƙa ƙasar, ta ƙi."

Ya ja tsaki, ya dubi halittar da ya daɗe yana ƙyama. Sai ya tuɓe babbar rigarsa, ya lulluɓe rassan gwaibar da ita don ya kare ramin, ya janye matarsa.

"Kau da ido. Wa kika ga ta haihu ana kallonta?"