Hannun da Kaka ta ɗaga

Bayan la'asar Kaka ta ja ni filin firamare a Sabon Birni, inda ake lacca kan rayuwar mata. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce duk wanda ya taɓa rasa wata tasa wurin haihuwa ya ɗaga hannu.

Hannaye suka tashi, har cikin maza. Kaka ta ajiye farantin gyaɗarta, ta kama hannuna ta ɗaga.

"Ɗaga da kyau, ɗiyata. Don innarki ne."

Ni ko sai murna nake, na zaci wani abu za a raba. Sai na ji hannunta yana rawa.

Yau na wuce shekarun da Inna ta yi a duniya, amma rawar hannun nan ba ta sake ni ba.