Guɗar da Gwaggo Ba Ta Yi Ba

Tunda na ga kina neman komawa bakin murhu alhali jikin bai gama dawowa ba, zauna in ba ki misalin wata mata.

Matar nan gwaggo ce a wani babban gida, irin gidan da ba a sauke tukunya sai an ɗora wata. Allah ya ba ta murya. In ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, har unguwar gaba sai an san an yi abin arziki a gidansu. Amaren dangi da yawa sun fita da guɗarta, amma akwai wadda ta daɗe tana jira, wato 'yar ƙanenta, wadda aka yaye a hannunta, ta goya ta, ta yi mata kitso har ta zama budurwa. Allah bai ba ta haihuwa ba, yarinyar nan ita ce 'yarta, kuma ita za ta kai ta ɗakin miji. An sa rana ke nan sai ciwon haƙorin da ta shekara tana lallaɓawa da kanunfari ya ce shi ma an gayyace shi. Kunci ya kumbura har ido ya ƙanƙance. A asibiti aka tarar turamen haƙori biyu sun ruɓe, ciwon ya ci har ƙashin muƙamuƙi. Aka tsaga dasashi, aka cire su, aka kankare ƙashin, aka ɗinke. Likita ya ce ta kwanta, ta rage magana, ta sha kunun da ya huce, ta riƙa ɗora ƙanƙara a kunci, kada ta kusanci wuta. Ya ce in ta kiyaye, kafin biki za ta buɗe bakinta yadda take so.

Lokacin kuwa ya ishe ta, da ta bar shi ya yi aikinsa. To amma wa ya isa ya kwantar da gwaggo ana aikin gara a tsakar gida? Tana daga gado tana jin turmi na amsawa ana dakan nakiya. Yara na shigowa da ƙara, wannan ya doke ni, wancan ya cinye mini. Matan gida na leƙowa, ina aka ajiye babban kasko, sukarin nan ya isa ko a ƙara. Masu dubiya ba sa yankewa, kuma kowacce sai an amsa mata gaisuwa tun daga kwana har gajiya har mutan gida, don gwaggo ba za ta yarda a ce an zo gaishe ta ta ɗaga hannu kawai ba. Ta duba madubi ta ga kuncin kamar an cusa lemo a ciki, sai hankalinta ya tashi. Ta ce a ranta, ƙanƙara ai daskarar da jini za ta yi. Tun kaka da kakanni kumburi gashi yake so, ita da ta gasa masu jego ba adadi za a koya wa? Ta sa aka tafasa ruwa, ta tsoma tsumma, ta riƙa danna wa wurin safe da yamma don a gama da shi da wuri. Ta ɗan ji daɗi, jin daɗin nan kuwa shi ya fito da ita. Ta tarar wuta ta yi wa man dubulan yawa, ta karɓi matsami, ta tsaya a kan kasko har la'asar tana faɗa da rabin baki. Ƙanwarta ta ce, "Yaya, don Allah ki bar mana, wallahi za mu iya." Ta galla mata harara, ta ɗauki dubulan ɗaya ta gatsa ta ɗaya gefen don ta ji ko cikinsa ya soyu, saboda ba za a kai wa dangin ango ɗanye da sunanta ba.

Washegari ta tashi da ɗanɗanon jini a baki. Ta haɗiye ta yi shiru, don ta san in ta faɗa ɗaki za a mayar da ita, sai ma ta ƙara wa ruwan gashin zafi. Ɗinki ya saki, ramin ya tara mugunya, zazzaɓi ya rufe ta, baki ya ƙi buɗuwa har cokali bai shiga. Aka koma asibiti, aka sake buɗe wurin, aikin da aka gama ya koma farko. Ana gobe kai amarya aka sallamo ta, haɓa a naɗe da bandeji har tsakar ka.

Washegari da yamma aka shigo mata da amarya a lulluɓe don sallama. Yarinya ta faɗa jikinta tana kuka tana cewa, "Gwaggo, ki yi mini ko sau ɗaya ne." Ta kai hannu ta toshe hanci kamar yadda ta saba, ta ja numfashi, ba abin da ya fito sai yawu da hawaye. Aka janye amarya daga jikinta. Tana zaune a bakin gado ta ji wata maƙwabciya ta yi guɗar a ƙofar gida, 'yar siririya, ta ma tsinke a tsakiya, motoci suka tashi. Gara ta isa gidan ango lafiya, ba wanda ya tambayi wa ya soya. Bakin ya warke daga baya, ta yi wa 'ya'yan wasu guɗa, amma baƙin cikin wannan yammacin bai bar ta ba, don ba a fitar da yarinya daga gida sau biyu.

Shi ya sa Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.