Farin Kwanon Kaka Remedios

"Ku miƙo kofuna," in ji Eulalia, tana kwasar kunun masara daga wani farin kwano mai zanen furanni. Ranar tunawa da matattu ce, dangi sun cika gidan marigayiya Kaka Remedios.

Eulalia ta shafa gefen kwanon. "Cikin duk kayan Kaka wannan na fi so. Sai da na yi rigima da ƴan'uwana kafin na tafi da shi birni. Duk leƙowar da na yi, kusa da shimfiɗarta nake ganinsa. Ko kicin ba ta yarda a kai shi."

Kawu Nicanor ya kurɓa, ya lumshe ido. "Kai, ƴar nan! Kamar tsohuwa ce ta dama."

Goggo Chayo kaɗai ta kife kofinta.

"Haba Goggo, ko don Kaka ai kya ɗanɗana."

"Eulalia, da tana jinya, kin taɓa kwana ɗakinta?"

Eulalia ta sunkuyar da kai, ludayi a hannu.

"Da kin kwana ko sau ɗaya, da kin gane shi. Fo ɗinta ne, na fitsarin dare. Ni nake zubarwa kowace safiya."